Farin tabo a kan teburin katako: guga, basilin, makilin ko kafinta?

Kular tuwo ce da aka dire kai-tsaye a kan teburin cin abinci, ko kofin shayi, ko jug ɗin zoɓo mai ƙanƙara da ya yi ta naso tun daga buɗa-baki har aka dawo daga asham. Ana ɗagawa sai ga farin zobe. A sa tsumma, a sa omo, yana nan daram. Daga nan shawarwari ke fara shigowa: wannan ta ce basilin, waccan ta ce makilin, wata ta ce ta gani a waya ana bin sa da dutsen guga, maigida kuma ya ce a kira kafinta a huta. Kowa da gaskiyarsa, amma hanyoyin nan ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma wadda ta gyara teburin maƙwabciyarki tana iya lalata naki.

Uwargida, farin tabo ba a jikin itacen yake ba. Yana cikin siririn ɓawon nan mai sheƙi da kafinta ke shafawa ko fesawa a ƙarshen aiki. Idan abu mai zafi ya zauna a kai, ɓawon yakan yi laushi, tururin da ke ƙarƙashin kwanon ya shige shi, sannan ya huce da danshin a ciki. Abu mai sanyi ma can yake kaiwa, sai dai a hankali, ta hanyar ruwan da ke taruwa a gindin kofi. Danshin yakan bar ƙananan ramuka da ido ba ya iya gani, su ke tarwatsa haske har wurin ya yi fari. Ƙanƙara idan tana dunƙule ana hango cikinta, amma da an daka ta sai ta koma fara fat, alhali ruwan bai sauya ba. Haka abin yake a kan teburinki.

Shi ya sa launin tabon ne abin dubawa na farko. Fari ko ruwan toka, ɓarnar a sama ta tsaya, da sauran dama. Baƙi kuwa, ruwa ya ratsa ya kai ga itacen, musamman idan gwangwani ko gindin bokitin ƙarfe ne ya daɗe a wurin, don ƙarfe da ruwa suna haɗuwa da sinadarin tanin da ke cikin itatuwa irin su maɗaci su baƙanta shi. Wannan ya fi ƙarfin guga da basilin. Sai an kankare ɓawon an wanke itacen da asid ɗin okzalik, wanda guba ne, ba abin ajiyewa a gida mai yara ba.

Akwai kuma wanda ke ruɗar mata a kan teburin madubi. Turaren feshi yawancinsa sifirit ne, kuma sifirit yana narkar da wasu ire-iren ɓawon. Ki bi zoben da yatsa: idan kin ji kaushi ko wurin ya loɓa, ɓawon ne ya tafi, babu wani danshi da za a kora. Kaskon turaren wuta ma haka. Idan fari kawai ya bari, za a iya gwadawa. Idan ya yi bororo ko ya yi ruwan ƙasa, ƙuna ce.

Tambaya ta biyu ita ce ko teburin katako ne ma. Kayan ɗakin amare da yawa da ake yi yanzu allon MDF ne, wato garin katako da aka matse da gam, aka lulluɓe shi da leda ko takarda mai zanen itace. Ki leƙa ƙarƙashin teburin ko bayan durowa. Idan an bi bakin allon da tef, ko kin ga zanen yana maimaita kansa iri ɗaya sak, to shi ne. Zafi yana sa gam ɗin ya saki ledar ta tashi, ruwa kuma yana kumbura allon, kuma idan ya kumbura ba ya komawa. A irin wannan kada dutsen guga ya kusance shi. A ɗan bi shi da handiraya, wato na'urar busar da gashi, daga nesa, in bai tafi ba a ƙyale shi ko a sauya saman.

Idan katako ne na gaske, maɗaci ko loko ko malaina, sai a san da me aka rufe shi. Shalak ƙaro ne da wani ƙwaro ke fitarwa a Indiya da Tailan, ana narka shi da sifirit, kuma an fi samun sa a tsofaffin kayan da aka gada. Lakka ita ce ta feshi, wadda ta bazu a duniya tun shekarun 1920 saboda saurin bushewarta, kuma ita ce masu feshi suka fi so don a yini ɗaya ana iya yin shafi biyu ko uku. Sai banish da foliyuriten, masu tauri. Shalak da lakka su suka fi saurin yin farin tabo, su ne kuma suka fi saurin gyaruwa. Foliyuriten ba ya saurin kamawa, amma in ya kama yana da taurin kai. Gwajin ba wuya. Ki jiƙa auduga da sifirit irin na kemis, ki taɓa wani ɓoyayyen wuri kamar cikin ƙafar teburin. In ya yi danƙo, shalak ne. In bai yi ba, ki gwada tina, wato ruwan da masu feshi ke sirka lakka da shi. In ya yi laushi da tina, lakka ce. In duka biyun ba su motsa shi ba, banish ne ko foliyuriten. Wanda ya fi wannan sauƙi, in kafintan na kusa, a tambaye shi: "Malam, fesawa ka yi ko da buroshi ka shafa, kuma me ka sa?"

Hanya mafi arha ita ce a jira, kuma a Zariya jiran yana da lokacinsa. A watannin Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ke fasa leɓe da dunduniya, danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Sabon tabo da aka yi jiya yana iya bushewa da kansa cikin kwana biyu ko uku idan an bar wurin a buɗe. Kuskuren da aka fi yi shi ne a rufe shi da leda ko faranti don kada baƙi su gani, sai a tsare danshin a ciki. A watan Agusta kuwa, da danshi ke haura kashi 80, shanya ma ba ta bushewa, balle tabo. Fitar da tebur rana ba dabara ba ce. Zafin Maris da Afrilu yakan wuce digiri 35, yana karkata allo, ya buɗe mahaɗa, ya kuma koɗar da gefen da ya fi shan rana.

Ni a wurina, in jira bai yi ba, zafi ne kan gaba, don shi kaɗai ne a cikin hanyoyin gida ke fitar da abin da ya jawo tabon. Mutane kan yi mamakin yadda zafi zai gyara abin da zafi ya ɓata. Bambancin shi ne kula ta zo da tururi kuma ta toshe masa hanyar fita, busasshen zafi kuwa yana sake sassauta ɓawon ya bar danshin ya tashi sama.

Handiraya da dutsen guga duk wannan aikin suke yi, amma ba hatsari ɗaya ba. Da handiraya idonki na kan tabon. A sa ta a matsakaicin zafi, a riƙe ta kamar taƙi ɗaya daga saman teburin, ana kai da komo ba tsayawa wuri ɗaya. Bayan 'yan mintuna za ki ga bakin zoben ya fara dusashewa. Ki riƙa taɓa wurin da bayan hannu, in ya fi ƙarfin hannunki ya fi ƙarfin shalak, sai a dakata ya huce. Tana iya ɗaukar minti 10 ko 15, tsohon tabo kuma sai an maimaita washegari. Aibinta jinkiri da cin wuta, don yawancinsu suna jan wat 1,000 zuwa 2,000, ƙaramin janareta ko ƙaramar sola ba za su ɗauka ba. Wadda ba ta da ita, aron ta a shagon gyaran gashi na unguwa ba abin kunya ba ne.

Dutsen guga ya fi sauri, ya fi kai wa tabo mai zurfi, shi ne kuma ya fi yawan lalata tebura. Dalili shi ne tsumma ya rufe wurin, ba ki ganin abin da ke faruwa. Ɗigon da ke jikin maɓallinsa ma'ana gare su: ɗigo ɗaya kusan digiri 110, biyu 150, uku 200. Shalak kuwa tun kafin zafin tafasar ruwa yake fara laushi. Saboda haka ɗigo ɗaya shi ne iyaka. A juye ruwan cikinsa, a kashe tururi. A samu farin ƙyallen auduga mara zane, irin tsohuwar singileti, a ninka biyu. Atamfa ko leshi ko wani yadi mai roba ba su dace ba, launi na iya sauka ko zanen saƙar ya kwanta a jikin ɓawon da ya yi laushi. A ɗora dutsen ana motsa shi na daƙiƙa 5 zuwa 10, a ɗaga, a duba, a goge danshin da ya fito, a bari ya ɗan huce, a sake. In ƙyallen ya fara mannewa, a tsaya nan take.

Wasu na cewa a yi amfani da tururin dutsen. Yakan yi wa wasu aiki, amma ƙara ruwa ne a kan matsalar ruwa, kuma in ya ƙi, zobe ɗaya ne zai koma faffaɗan hazo. Ban ga dalilin wannan kasadar ba.

Dutsen gawayi shi ne abin da ke hannu a gidaje da dama in babu wuta, kuma ba shi da maɓalli. In ya zama dole, a zubar da garwashin gaba ɗaya, a kaɗe tokar, a bar shi ya huce har a iya ɗan taɓa ƙasansa da hannu a janye ba tare da ƙuna ba. Gara a yi ta maimaitawa da ɗumi kaɗan. Haka nan tebur mai siririn ɓawon itace da aka manna a kan fulawud, guga na iya ɗaga shi ya yi kumbo, don haka handiraya ce tasa.

Hanyar mai ita ce mata suka fi sani, kuma ita ce mafi sauƙin hatsari. A shafa basilin da kauri a kan tabon, a bar shi ya kwana, da safe a goge da tsumma mai laushi. Man yana sulalewa cikin ƙananan ramukan ya cike su, haske ya daina tarwatsewa, farin ya ɓace ko ya ragu. Sai dai a san abin da aka samu. Sau da yawa ɓoye tabon aka yi, kuma bayan wasu makonni na goge-goge da ruwan sabulu yana iya sake leƙowa. Ga zoben kofi mara zurfi wannan ya wadatar. Ga farin hazo mai faɗin gindin kula, da wuya ya share shi duka.

Bama da ake yawan ambata ba wani sirri a cikinta. Mai ne da ƙwai da ruwan tsami, kuma man ne ke aikin. Man gyaɗa ma zai yi. Na fi son basilin saboda ba ya ɓaci, ba ya wari, ba ya gayyato kiyashi da kyankyaso cikin dare. Manja kuwa ko da wasa, jan launinsa zai zauna. Akwai sharaɗi guda da ya shafe mu nan arewa: hunturu yana tsattsaga tsohon ɓawo ya yi ƙananan layuka. In teburinki ya yi haka, mai zai bi ta tsagar ya shiga itacen ya bar duhun da ba ya fita. Ki duba da fitilar waya a karkace kafin ki shafa komai.

Makilin da toka aikinsu kankara ne. Suna cinye saman ɓawon har a wuce inda danshin ya tsaya. In tabon a sama-sama yake, suna cire shi gaba ɗaya, ba ya dawowa, wannan ne fifikonsu a kan mai. Makilin fari ake so, ba mai kama da jel ba. Toka kuma a tankaɗe ta da rariyar laushi don ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ja layi, a kwaɓa ta da ɗigon mai. Kada a kwaɓa da ruwa, don ruwan toka da kanwa suna cin shalak. A naɗe yatsa da tsumma a goga a hankali, ana bin tsawon zanen itacen, ana dubawa bayan kowane ɗan lokaci.

Matsalar wannan hanyar biyu ce, kuma ta biyun ta fi muni. Ta farko, sheƙin wurin zai bambanta da sauran teburin. A kan tebur mai ƙyalli sosai za a ga dusasshen fili, sai an bi shi da man goge fentin mota ya dawo, wani lokaci ma sai an goge saman duka kafin ya daidaita. Ta biyu, malaina farin itace ne, kuma sau da yawa launin maɗacin da kike gani rini ne aka sa masa a sama ko aka haɗa cikin abin feshin. In kika ci ɓawon kika wuce rinin, farin itace zai bayyana, garin neman gira a rasa ido. Soson ƙarfe da ake ambata a wannan aikin wani ne mai laushi ƙwarai mai lamba 0000. Na wanke tukunya da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari ba shi ba ne, kuma samfefa ma ba ta da wuri a nan.

Sifirit da tina suna narkar da ɓawon ne na ɗan lokaci danshin ya fita, sannan ya sake daskarewa. A hannun wanda ya iya, shi ne gyara mafi tsafta ga shalak da lakka: ƙyalle mai ɗan danshin sifirit kawai, a shafce wurin sau ɗaya ba tsayawa. A hannun wanda bai iya ba, tsayawar daƙiƙa biyu ta isa ta bar shatin tsumma. Ga foliyuriten ba sa yin komai. Suna kuma kama wuta, don haka nesa da gas da murhu. Wannan a bar wa mai feshi.

To, wa za a zaɓa? Sabon zoben kofi a kan katakon gaske, a jira kwana biyu in rani ne, sannan handiraya. Tabon kula mai faɗi a kan lakka, handiraya tukuna, in ta gaza sai guga a ɗigo ɗaya. Tsohon teburin da aka gada mai shalak, ko wanda ba ki san da me aka rufe shi ba, handiraya daga nesa ko basilin in babu tsaga. In baƙi na tafe gobe kuma babu wuta, basilin. Makilin sai bayan zafi da mai sun gaza, kuma sai wadda ta riga ta yarda cewa in bai yi ba za a kai wa kafinta. Kada a fara da mai sannan a bi da guga ba tare da an goge man tas ba, zafi zai tura shi ciki.

Wurin kafinta ma aikin hawa biyu ne, kuma yana da kyau ki san wanda kike biya. Na farko, in lakka ce, ya yi mata feshin tina mai jinkirin bushewa sama-sama, farin ya tashi, ba a kankare komai ba. Na biyu, a kankare saman gaba ɗaya a sake rini da feshi. Kada ki yarda a kankare wurin tabon kaɗai a yi masa faci, launin ba zai taɓa haɗuwa ba. Ki kuma gaya masa gaskiyar abin da kika shafa. Basilin da man feshi na gwangwani mai silikon suna hana sabon shafi kwanciya, ya riƙa yin ƙananan ramuka, sai ya wanke saman sosai kafin ya fara.

Lokacin kai aikin ma abin lura ne. Lakka da aka fesa a ranar da hadari ya haɗo takan yi fari tun a shago, domin tina na tashi da sauri ya sanyaya saman, danshin iska ya kwanta a kai. Wannan shi ne hazon da ake gani a wasu kayan da aka yi cikin damina, ba laifin uwargida ba ne. A tsakiyar hunturu kuma ƙura ce ke sauka a kan ɗanyen shafi, musamman a shagunan bakin titi. Ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke ƙura ba ta yi ƙarfi ba, ya fi dacewa. In ba haka ba, a nemi mai feshin da ke da rufaffen ɗaki.

In dai an kai ga sake saman teburin da ake cin abinci a kansa kullum, ki ce a sa foliyuriten ko da ya fi tsada kuma ya fi jinkiri. Gilashin da ake ɗorawa a sama yana kare zafi, amma ruwa kan sulale ƙarƙashinsa ya kwana, sai an sa 'yan robobi a kusurwa don iska ta ratsa. Ledar tebur mai laushi kuma takan manne wa lakka in ta daɗe. Sabon foliyuriten yana bushewa a taɓa shi cikin yini guda, amma bai gama tauri ba sai ya kusa wata ɗaya. Wadda ke son teburinta ya karɓi kulolin baƙin Sallah, tun kafin a ga watan azumi ya kamata ya je shagon kafinta.